Maki Ya Ragu Rabi, Keken Ɗinkin Yaya Na Nan A Lulluɓe

Malamin Lissafi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya tsaya min a rai, jiya ko runtsawa ban yi ba. Yayata da muke ciki ɗaya ta shiga wani hali tun bayan ƙaramar Sallah. Magana ta ɗauke, ko tsakar gida ba ta fitowa, barci ya ƙaurace mata, ta rame har zobenta yana zamewa daga yatsa. Muka kai ta asibiti, ba zan faɗi wanne ba. Likita ya yi ta yi mata tambayoyi yana cike wata takarda da ya ce sunanta ma'aunin Hamilton, ya haɗa maki ya samu 22. Aka ɗora ta a kan amitriptyline, tana sha da daddare. Jiya mako 6 cif muka koma. Ya sake cike takardar, ya ɗago da fara'a ya ce maki ya dawo 11, rabi ya tafi, kuma a ƙa'idar masu gwajin magunguna wannan shi ake cewa magani ya karɓi mutum.

Ni kuwa na san abin da na baro a gida. Keken ɗinkinta na nan lulluɓe da tsohon zani, ƙura ta kwanta a kan teburin har yara suna rubuta sunayensu da yatsa. Atamfofin mutane na babbar Sallah haka muka mayar musu ko almakashi ba a sa ba. 'Yarta ta zo ta hau cinyarta, ita bango take kallo.

Sai na roƙi a nuna min takardar, tunda lissafi ne abincina. Tambaya 17 ce, makin ƙarshe 52. Uku daga ciki duk a kan barci suke: kasa barci a farkon dare, farkawa a tsakiyarsa, da farkawa tun kafin asuba, kowacce maki 2. Da farko duk 6 ɗin ta cinye, yanzu sifili, don ƙwayar kwantar da ita take yi tun bayan isha'i. Cin abinci ya dawo, 2 sun tafi. Ramar ta tsaya, wasu 2 sun tafi. Ɗaya kuma na ciwon jiki. Ga 11 ɗinku nan. Amma tambayar da ta shafi baƙin cikin da ke ranta, 3 ce ranar farko, 3 ce jiya. Ta aiki da sha'awar yin abu ita ma ko gezau.

Maganata ita ce, in da wannan takarda ake gwada magunguna kafin a sake su kasuwa, to barci da cin tuwo ake aunawa, ba baƙin ciki ba. Duk ƙwayar da za ta sa mutum barci ta ci jarrabawa. A nuna min inda na kuskure.

Hajiyar Hotoro: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ne. Amma Malam ka gyara kalaminka. Yaya za ka fito cikin mutum sama da ɗari ka ce 'yar'uwarka tana da baƙin ciki a ranta? Wa take yi wa baƙin cikin? Baiwar Allahn da ko kishiyarta ba ta taɓa jin kanta ba.

Malamin Lissafi: Hajiya, ke ma kin san ba wannan nake nufi ba. Ƙuncin rai nake nufi.

Hajiyar Hotoro: To ka ce ƙuncin rai mana. Magana zarar bunu ce. Gobe wani ya ɗauki hoton rubutun nan ya tura dangin mijinta, me za ka ce musu?

Malamar Hausa: Hajiya, Malam bai yi kuskure ba. Kalmar fuska biyu gare ta. In aka ce wane yana yi wa wane baƙin ciki, ko aka ce ɗan baƙin ciki ne, hassada ke nan. In aka ce yana cikin baƙin ciki, kishiyar farin ciki ake nufi. Ginin jimlar ne ke raba su.

Hajiyar Hotoro: Ginin jimla a aji ake yin sa, ƙanwata. A gidan biki ba wanda zai tsaya duba gini.

Ustaz na Ɗorayi: Malama ta fi gaskiya a nan. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, ai shekarar baƙin ciki muke ce mata, a kan mumbari ma haka ake faɗa. Annabi Yaƙubu idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa. Wa zai ce hassada ce? Sai dai ni abin da ban gamsu da shi ba shi ne a ce an ɗora abin da ke cikin zuciya a kan sikeli. Allah kaɗai ya san abin da ke cikin ƙiraza.

Alhajin Kwari: Ni a rediyo ciwon damuwa nake ji suna cewa. In kuwa damuwa ce, a kawo takardar nan Kantin Kwari ranar da dala ta tashi, wallahi layi guda ba mai tsallakewa.

Malamar Hausa: Shi ya sa ni ban son "damuwa". Ta yi sauƙi da yawa. Wanda aka ɗauke wa wuta ma ya damu.

Hajiyar Hotoro: Gara ta yi sauƙi da ta zama zagi.

Likitan Tarauni: Salamu alaikum. Yanzu na fito daga aiki na tarar da saƙo ya taru. Malam, Allah ya ƙara wa Yaya sauƙi. Lissafinka daidai ne, hukuncin da ka ɗora a kai ne ya yi tsauri. Max Hamilton, likitan ƙwaƙwalwa a Leeds ta Ingila, shi ya fitar da takardar a 1960. Bai yi ta don a gano ko mutum na da ciwon ba. Ya yi ta ne don wanda an riga an tabbatar yana da shi, galibi waɗanda ke kwance a asibiti, a san nauyin abin. Irin waɗannan marasa lafiya kuwa, rashin barci da rama ba a gefen ciwon suke ba, cikinsa suke. Duk wanda ya taɓa farkawa ƙarfe 3 na dare ya zauna yana saƙa da warwara har kiran assalatu, wata da watanni, ba zai raina maki 6 ɗin nan ba.

Na biyu, 11 ba waraka ba ce, kuma ban yi zaton abokin aikina ya ce ta warke ba. Mataki biyu ne. In maki ya ragu da rabi, sai a ce magani ya karɓa. Sai ya sauko 7 ko ƙasa da haka ake cewa ciwon ya lafa. Yaya ba ta kai nan ba tukuna. Sau da yawa barci da cin abinci su ke fara dawowa, walwala ta biyo baya. Don girman Allah kada a tsayar mata da maganin kai tsaye, a koma wurin likitanta da wannan bayanin da ka yi mana.

Na uku, a gwajin magani ba mutum ɗaya ake dubawa ba. Ana raba marasa lafiya gida biyu da ƙuri'a, a ba wasu magani, a ba wasu holoƙon ƙwaya wadda babu sinadarin komai a cikinta, a auna duka da takarda ɗaya. Tazarar da ke tsakaninsu ake nema.

Famasis: Likita ya faɗi rabi ya bar rabi. Wuƙar Hamilton baki biyu gare ta. Magani irin amitriptyline mai sa barci da buɗe ciki yana samun maki a ɓagas, kamar yadda Malam ya gani da idonsa. Su kuma wasu magungunan ciwon irin fluoxetine da sertraline, a makonnin farko sukan jawo tashin zuciya, su hana wasu barci, su rage sha'awar iyali. Duk ukun nan akwai tambayarsu a takardar. Ka ga illar magani ta koma ana ƙirga ta a matsayin ciwo. Ɗaya an ƙara masa, ɗaya an danne shi.

Ga misali. A 2008 Irving Kirsch da abokan aikinsa suka tattaro gwaje-gwaje 35 da kamfanoni suka miƙa wa hukumar FDA mai kula da magunguna ta Amurka. Tazarar magani da holoƙo a ma'aunin Hamilton maki 1.8 suka samu, alhali hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya ta Ingila a lokacin ta ce sai tazara ta kai 3 za a ce mai amfani ce ga mara lafiya. Jaridun duniya suka ɗauka, aka ce magungunan ba sa aiki. Sai a 2016 masu bincike a Gothenburg ta Suwidin suka koma kan bayanan marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, kwatance 32 tsakanin irin waɗannan magunguna da holoƙo. Da aka duba jimillar tambaya 17, sau 18 magani ya kasa bambanta da holoƙo. Da aka duba tambaya ta farko kaɗai, wadda Malam ke kuka a kanta, sau 3 kacal ya kasa. Mutanen nan dai su ne, maganin shi ne, ma'aunin kawai aka sauya.

Shi ya sa ni ina bayan wani ma'aunin daban mai suna MADRS. Stuart Montgomery na Ingila da Marie Åsberg ta Suwidin suka fitar da shi a 1979. Daga cikin tambaya 65 na wani babban ma'auni suka tsamo 10 da suka fi motsawa in magani ya fara aiki, kowacce daga 0 zuwa 6, jimilla 60. Babu tambayar rama, babu ta sha'awar iyali. Da shi aka gwada maganin esketamine da FDA ta amince da shi a 2019.

Alhajin Kwari: Yauwa, yanzu na gane. Maganar mudu ce. Mudun Dawanau daban, na mai kanti a unguwa daban. Buhu ɗaya, wannan ya ce maka mudu kaza, wancan ya ce kaza. Wani ma ya bubbuge gindin kwanon.

Hajiyar Hotoro: Alhaji, ana maganar mara lafiya kana kiran Dawanau? Haba! Ka ji tsoron Allah mana.

Alhajin Kwari: Kasuwar hatsi nake nufi, Hajiya! Ni da nake sayen gero can duk kaka. Me ya kai ni asibiti?

Hajiyar Hotoro: Duk Kano an san abin da ake nufi in an ce a kai mutum Dawanau. Da baƙin ciki aka fara, yanzu an kai ga hauka.

Likitan Tarauni: Hajiya, ko asibitin ya ambata ba zagi ba ne. Asibiti ne kamar kowane, mutane suna zuwa su samu lafiya su koma gidajensu. Wannan tsoron sunan shi ke sa a ɓoye mara lafiya a ɗaki shekara biyu.

Hajiyar Hotoro: Kai ba 'ya mace gare ka da za a zo neman aure a yi bincike ba, Likita.

Famasis: Kwatancen Alhaji ya zauna. A babban binciken STAR*D na Amurka da sakamakonsa ya fito a 2006, mutum sama da 2,800 aka ba maganin citalopram. Da Hamilton, kashi 28 cikin 100 ciwonsu ya lafa. Da ma'aunin QIDS, wanda mara lafiya ke cikewa da kansa, kashi 33. Ga buhu ɗaya, ga mudu biyu. Eiko Fried ma a 2017 ya jera ma'auni 7 da aka fi amfani da su, ya ƙirga alamomi 52 daban-daban a cikinsu.

Likitan Tarauni: Famasis, tunda lissafi ake yi, mu yi. Barci a MADRS maki 6 ne cikin 60, kashi 10. A Hamilton 6 cikin 52, kashi 11 da rabi. Ina babban bambancin? Kuma gwaje-gwajen da aka yi da MADRS ɗin naka, tazarar magani da holoƙo ba ta wani buɗe ba, kusan kunnen doki suke. Batun ɗauko tambaya ɗaya tilo bayan an riga an ga sakamako kuwa, kamar ka jira ƙwallo ta faɗa sannan ka je ka kafa raga a wurin ne. Hamilton tana da aibi, mun sani, tun 2004 Bagby da abokansa suka rubuta cewa ta zama kaya. Amma shekara sama da 60 ana tara bayanai da ita. Cipriani na Oxford da ya haɗa gwaje-gwaje 522 a 2018, mutum 116,477, magani 21, ya samu duk sun fi holoƙo, mafi yawan hatsin da wannan mudun aka auna shi.

Famasis: Kawo takardar da ta ce kunnen doki suke.

Likitan Tarauni: Tana kwamfutata a ofis. Kai ma ba ka kawo ko ɗaya ba, suna kawai kake jerowa.

Malamin Lissafi: Likita, na yarda da lissafin barcin, ka kama ni a nan. Amma duba ɗaya gefen. Tambayar ƙuncin rai a Hamilton maki 4 ne cikin 52, bai kai kashi 8 ba. A MADRS, in na fahimci abin da na karanta da safe, tambaya biyu ce, wanda likita ya gani a fuska da wanda mara lafiya ya faɗa da bakinsa, 12 cikin 60, kashi 20. Akwai kuma tambaya guda a kan mutuwar zuciya, mutum ya daina jin komai ko game da 'ya'yansa. Wannan ita ce Yayata sak. Da da ita aka auna ta, ban ga yadda za a ce rabi ya tafi ba.

Hajiyar Hotoro: Ka ga yanzu da ka ce ƙuncin rai ai ya fi daɗin ji.

Malamar Hausa: Ƙunci matsi ne, Hajiya. Wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin ƙunci. Abin da Malam ke siffantawa ya wuce nan.

Sistar Kurna: Ku bar ni in faɗi nawa, ni da nake zama da matan nan kullum a ƙaramin asibiti. Duk takardun da kuke faɗa a kai ba ma ganinsu. Hamilton sai wanda aka horar, kuma sai ka ba mutum ɗaya minti 20 ko fiye. Ni da mata 60 a benci ranar awo? Wata gajeriyar takarda mai suna PHQ-9 muke ɗan taɓawa, tambaya 9, kowacce 0 zuwa 3, jimilla 27, a kan mako biyun da suka wuce. An yi ta ne mutum ya cike da kansa, amma rabin matan ba sa karanta boko, ni ke karanta musu ina juyawa da Hausa a tsaye.

Kuma maganar Hajiya ba wasa ba ce. Na taɓa tambayar wata mai jego, kina jin baƙin ciki? Ta saki baki ta ce, Sista, wa zan yi wa? Uwar mijinta na tsaye a bakin ƙofa riƙe da jaririn. Na sauya na ce, ya zuciyarki? Ta ce alhamdulillahi. Sai da na ce ya barci, ya cin abinci, sannan ta sunkuyar da kai ta ce tun suna ba ta yi barcin kirki ba, wani abu na yi mata yawo a ka, ƙirjinta kamar an ɗora dutse, tunani ya yi mata yawa. Daga nan hawaye ya zo. Don haka Malam, tambayoyin jikin nan da kake rainawa, a wurinmu su ne ƙofar shiga. Matanmu da jiki suke faɗin abin da ke ransu. In aka cire su aka bar tambayar zuciya zalla, alhamdulillahi za ka yi ta tarawa.

Likitan Tarauni: Allah ya yi miki albarka, Sista. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Sistar Kurna: Ba goyon bayanka na yi ba, Likita. Ƙofar shiga na ce, ban ce a nan ake zama ba. In barci ya dawo ba a ce an gama. A Zimbabuwe da suka ga haka, nasu ma'aunin suka yi da harshen Shona, tambaya 14, har da abin da suke kira kufungisisa, wato yawan tunani, irin namu sak. Da shi Dixon Chibanda ya auna aikinsu na zama a benci a saurari mutane. A Ibadan kuma Farfesa Oye Gureje da PHQ-9 ya yi nasa gwajin a ƙananan asibitoci. Mu me ya hana mu zauna mu tsara tambayoyin da macen Kurna za ta gane?

Famasis: PHQ-9 ɗin ma ai da kuɗin kamfanin magunguna na Pfizer aka tsara ta, Spitzer da Kroenke da Williams. Na faɗa ne don a sani.

Alhajin Kwari: Pfizer? Wadda ta zo Kano a 1996 lokacin sanƙarau ta yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, 11 suka rasu? Wadda sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75? Ita ce ta rubuta tambayoyin da ake yi wa matanmu? To ni na fita daga maganar nan. Mai sayar da hatsi ba ya ƙera mudu.

Sistar Kurna: Alhaji, tambayoyin a fili suke, kyauta ne, kowa na iya karantawa. Ba allura ba ce, ba ƙwaya ba ce. Kana jin kasala, kana iya barci, shi ke nan. Kada ka sa mata su gudu daga awo.

Ustaz na Ɗorayi: Alhaji bai yi laifi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Garin nan ya ga abin da ya gani.

Likitan Tarauni: Famasis, ka san abin da sunan nan ke tayarwa a Kano, da gangan ka jefo shi. Kuma tunda an zo nan, wa ke sayar wa mutane amitriptyline a matsayin maganin barci ba tare da takardar likita ba? Mu ne?

Famasis: Kada ka haɗa ni da masu kemis na lungu. Shekara biyar na yi ina karanta magani. Ku da kuke rubuta takarda a minti uku ba ku ɗago kun kalli fuskar mutum ba fa?

Likitan Tarauni: Zo ka zauna a kujerata ranar Litinin ka ga layin, sannan ka yi magana.

Sistar Kurna: Ga shi nan, an koma gidan jiya. Duk inda likita da famasis suka haɗu sai an yi wannan. Mu da ke kwana da marasa lafiyar ba a ma tuna da mu.

Malamin Lissafi: Jama'a, don Allah. Tambayata ɗaya ce: wane ma'auni ne zai nuna gaskiyar halin da Yayata ke ciki? Har yanzu ba wanda ya ce min ga shi.

Famasis: Akwai gajeriyar Hamilton mai tambaya 6 da Per Bech na Denmak ya tsamo, babu barci a ciki, babu cin abinci. Ƙuncin rai, zargin kai, aiki da sha'awa, sanyin jiki, fargaba, da gajiya. Daga takardar da aka riga aka cike ma za a iya fitar da ita. Ka ce wa likitan ya haɗa waɗannan shidan na ranar farko da na jiya.

Malamar Hausa: "Sanyin jiki" kuma? Famasis, a Kano in ka ce wa mace tana da sanyi, wani ciwon daban za ta ɗauka. Nauyin jiki ya fi.

Hajiyar Hotoro: Ahaf! Ashe ke ma kin san kalma tana kashe mutum. Da na faɗa ai ginin jimla kika kawo min.

Malamar Hausa: Ba ɗaya ba ne, Hajiya. Baƙin ciki kalma ce da malamai da marubuta suka yi ta amfani da ita tun kafin a haife mu. Ba za mu jefar da ita don masu tsegumi ba.

Hajiyar Hotoro: Marubuta ba su da 'yar da za su aurar.

Ustaz na Ɗorayi: Ni dai shawarata a haɗa da addu'a da azkar na safe da yamma. Ban ce a bar asibiti ba, kada a juya min magana kamar wancan karon.

Alhajin Kwari: Wancan karon ai kai ka fara, Ustaz.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, saƙo ya haura 200 in aka haɗa da waɗanda na goge. Bari in taƙaita kamar yadda muka saba. Na farko, an fahimci cewa kalmar baƙin ciki ba ta dace da mara lafiya ba, Hajiya ta yi gaskiya, kuma Sista da ke aikin ta tabbatar. Daga yau a zauren nan ciwon damuwa za mu riƙa cewa. Na biyu, Likita, wanda shi ne masanin fannin a cikinmu, kuma na san shi tun muna aji ɗaya ba ya faɗin abin da bai tabbatar ba, ya nuna cewa ma'aunin Hamilton ya shekara sama da 60 ana aiki da shi, kuma shi kansa Malam ya amsa cewa an kama shi a lissafin barci. Sauran ma'aunan da Famasis ya lissafo duk kusan abu ɗaya suke nunawa. Na uku, batun kamfani da batun masu kemis ba su ne a gabanmu ba, kuma ina roƙon Famasis ya riƙa duba abin da zai jefo cikin jama'a. A ci gaba da bai wa Yaya magani, a yi mata addu'a. Na rufe wannan maganar.

Famasis: Yallaɓai, wa ya yarda da na biyun? Malam kashi 8 da kashi 20 ya kawo bayan nan, ka tsallake. Sista ma cewa ta yi ba goyon bayansa ta yi ba.

Malamar Hausa: Na farkon ma ban yarda ba.

Malamin Lissafi: Na gode wa kowa. Maganin tana sha, ba za mu tsayar ba. Alhamis za mu koma. Na rubuta tambayoyi shidan da Famasis ya faɗa a bayan katin asibitinta, zan roƙi likitan ya haɗa min su daban, in kuma gaya masa maganar keken da ta 'yarta, don ranar nan ban faɗa ba, makin kawai na tsaya kallo. Sista, in ba damuwa zan kira ki gobe bayan azahar ki faɗa min yadda kike yi musu tambayar, ko ni ma in gwada zama da ita.